Ajantina: Daga rigar Messi zuwa farin kallabin iyaye mata

Uwargida, in dai akwai yaro namiji a gidanki, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da rigar nan mai ratsin fari da ruwan sararin samaniya a cikin kayan wanki ba, wadda aka manna wa lamba 10 a baya. Wataƙila ma ke kika saya masa ita bayan ya ishe ki da naci. Rigar 'yan ƙwallon Ajantina ce, kuma iyakar abin da yawancinmu muka sani game da ƙasar ke nan: Messi, Maradona, sai takaicin da suka sha ƙunsa wa Najeriya. Sau biyar aka haɗu da su a gasar cin kofin duniya, a 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018, duk biyar ɗin kuma su suka yi nasara, kowanne da tazarar ƙwallo ɗaya tak. Abin da muke rarrashin kanmu da shi dai shi ne wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda su Kanu suka doke su da ci 3-2.

Kin tuna daren 18 ga Disamban 2022, lokacin da Sarkin Katar ya yafa wa Messi baƙar alkyabba kafin ya ɗaga kofi? Kwana biyu bayan haka, miliyoyin mutane suka cika titunan Buenos Aires, babban birnin ƙasar, har motar da ta ɗauko 'yan wasan ta kasa ratsawa, sai da jirage masu saukar ungulu aka kwashe su. A shekarar nan kuwa farashin kaya ya kusa ninkawa a ƙasar, a shekarar da ta biyo baya hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin 100. Mutanen da albashinsu ke narkewa kafin tsakiyar wata su ne ke rungume da juna suna kuka don murnar tuta. Maƙwabtansu na Kudancin Amurka sun daɗe suna yi musu ba'a a kan ji da kai. To daga ina wannan tinƙaho yake fitowa?

In kika bi sawunsa, filin ƙwallo ne wuri na ƙarshe da yake isa. Yana farawa ne daga aji, da kicin, da wani dandali guda da mata suka shafe shekaru suna zagayawa.

Yadda aka ɗinke 'ya'yan baƙi suka zama al'umma ɗaya

Ajantina ta ninka Najeriya sau uku a faɗin ƙasa, amma mutanenta kimanin miliyan 46 ne kawai a ƙidayar 2022. Ta ayyana 'yancinta daga Sifaniya ranar 9 ga Yulin 1816. Shugabanninta na wancan ƙarni sun ga fili ga shi nan fetal babu masu noma shi, sai suka rubuta a kundin tsarin mulkin 1853 cewa gwamnati za ta ƙarfafa zuwan baƙi daga Turai. Baƙin kuwa suka zo, miliyoyi, galibi talakawan Italiya da Sifaniya. Akwai Yahudawan Gabashin Turai, akwai kuma 'yan Siriya da Labanan. Carlos Menem, wanda ya mulki ƙasar daga 1989 zuwa 1999, iyayensa daga Siriya suka zo. A ƙidayar 1914, kusan mutum uku cikin kowane goma a ƙasar waje aka haife su, a Buenos Aires kuwa kusan rabi.

Ki kwatanta unguwar da kowane gida da harshensa, kowace uwa da irin girkinta. Ta yaya 'ya'yansu za su ji cewa su ɗaya ne? Amsar da gwamnati ta bayar ita ce makaranta. Wata doka ta 1884 ta mayar da karatun firamare kyauta kuma tilas. Daga baya malamai suka fito da wata farar riga mai kama da ta likitoci, wadda yaro ke ɗorawa a kan kayansa na gida, don kada a gane ɗan mai kuɗi da ɗan lebura ta tufafi. Har yau ana sa ta a makarantun gwamnati, kuma uwa ce ke fama da wankinta da gugarta duk mako. Idan yaro ya kai aji huɗu, akwai ranar da yake tsayawa gaban iyayensa ya yi wa tuta alkawarin biyayya, a daidai 20 ga Yuni, ranar rasuwar Manuel Belgrano wanda ya ƙirƙiro tutar a 1812.

Jami'o'in gwamnati ma kyauta ne tun 1949. Ƙasar ta fitar da mutum biyar da suka ci kyautar Nobel, uku daga cikinsu a fannin kimiyya. Shi ya sa a watan Afrilun 2024, da aka tsuke wa jami'o'in kasafin kuɗi, dubban ɗaruruwan mutane suka fito titi, iyaye da 'ya'ya, wasu riƙe da littafi a sama. A wurinsu taɓa makarantar gwamnati tamkar taɓa tuta ne.

Ƙoƙo ɗaya, baki goma

A gida kuwa akwai wani abin sha da ake kira mate, ana furta shi "ma-te". Ganyen wata bishiya ne da ake nomawa a lardunan Misiones da Corrientes na arewa maso gabas, kuma 'yan ƙabilar Guarani ne suka fara shan sa tun kafin Turawa su zo. Ana cika ɗan ƙoƙon duma da busasshen ganyen, a soka bututun ƙarfe mai matata a gindinsa, a zuba ruwan zafi daga filas, ruwan da bai kai ga tafasa ba. Yana da ɗaci. Baƙo kan yatsine fuska a kurɓin farko.

Abin lura shi ne yadda ake shan sa. Ƙoƙo ɗaya ne, bututu ɗaya. Mutum guda ke zuba ruwa, ya fara shan na farko wanda ya fi ɗaci, sannan ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa. Kowa ya shanye ya mayar masa. Ba a juya bututun, ba a riƙe ƙoƙon ana surutu, kuma ba a cewa "na gode" sai in mutum ya ƙoshi, don kalmar tana nufin a tsallake shi a zagaye na gaba. Wadda ta taso a gidan da ake dama fura a ƙwarya ɗaya ana karɓa-karɓar ludayi ba ta bukatar dogon bayani. Malami da ɗalibi, maigida da yaron shago, duk bakinsu kan bututu ɗaya. A 2013 majalisa ta yi doka ta ayyana shi abin shan ƙasa, kuma da 'yan wasansu za su tafi Katar, sai da suka yi guzurin kusan kilo 500 na ganyen. Wani abin mamaki, Siriya ce ta fi kowace ƙasa sayen ganyen daga Ajantina, albarkacin baƙin da suka koma gida da al'adar.

Ranar Lahadi ta gashin nama ce, asado, inda dangi ke haɗuwa a gidan iyaye ko kakanni a wuni. Shanun ƙasar sun fi mutanenta yawa. Amma abincin da zai fi burge ki shi ne na ranar 29 ga kowane wata. Lokacin aljihu ya bushe, albashi bai shigo ba, sai a kwaɓa dankalin turawa da fulawa a yi ƙananan curi a jefa a tafasasshen ruwa, kusan yadda muke jefa ɗanwake. Sunansa nyoki, gadon Italiyawa ne, kuma akan sa kuɗi a ƙarƙashin faranti don fatan wata mai zuwa ya zo da buɗi. Ma'aikacin bogi da ba a ganin sa a ofis sai ƙarshen wata, shi ma nyoki suke ce masa. Ashe ba mu kaɗai ke da su ba.

Ko gwarazan ƙwallon nasu, in kika tona, mace za ki tarar a gindin labarin. Nuna sama da Messi ke yi da yatsu biyu idan ya ci ƙwallo na kakarsa Celia ne, wadda ta fara kai shi fili yana ɗan ƙarami a garin Rosario, ta rasu kafin ya yi suna. Maradona kuwa, wanda ya tashi a unguwar talakawa ta Villa Fiorito cikin 'ya'ya takwas, ya sha ba da labarin yadda mahaifiyarsa kan ce cikinta na ciwo duk lokacin cin abinci. Sai da ya fara girma ya gane ba ciwo ba ne, abincin ne ba ya isa.

Mata 14 da nafkin ɗin jarirai

Ranar 24 ga Maris 1976 sojoji suka yi juyin mulki ƙarƙashin Janar Jorge Videla. Ƙasar na fama da rikicin 'yan tawaye masu ɗauke da makamai a lokacin, amma abin da sojojin suka yi ya wuce yaƙi da 'yan tawaye nesa ba kusa ba. Mutane sanye da kayan gida kan zo da dare a motar da ba ta da lamba, su tafi da ɗalibi, ko ɗan ƙungiyar ƙwadago, ko malama, ko lauya. Ba kotu, ba takarda, ba gawa. Iyaye su je caji ofis a ce ba a san zancen ba, su je bariki a kore su. Hukumar bincike da aka kafa bayan faɗuwar mulkin ta tattara sunaye kusan 9,000. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ce adadin ya kai 30,000, kuma har yau ana jayayya a kai, shugaban ƙasar Javier Milei na cikin masu musanta wannan adadin.

A layukan ofisoshin nan iyaye mata suka fara gane fuskokin juna. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wata matar aure mai suna Azucena Villaflor, wadda aka ɗauke ɗanta, ta ce musu zirga-zirgar ɗai-ɗai ba ta da amfani, su tafi dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar gwamnati, inda dole a gan su. Ranar 30 ga Afrilun 1977 mata 14 suka je. An haramta taro a lokacin, 'yan sanda suka ce musu su yi gaba, ba a tsayuwa. Sai suka kama hannun juna bibbiyu suka fara tafiya, suna zagaya ginshiƙin da ke tsakiyar dandalin. Umarnin da aka ba su don a kore su shi ya zama tattakinsu na kowace Alhamis da ƙarfe uku da rabi na yamma.

A watan Oktoban shekarar suka shiga wani babban tattakin addini zuwa garin Luján. Suna bukatar alamar da za su gane juna a cikin cunkoso, sai aka ba da shawarar kowacce ta ɗaura farin nafkin na yadi, irin wanda ta yi wa ɗanta ƙunzugu da shi yana jariri. Da yawansu suna da shi a ajiye a ƙasan akwati. Daga baya nafkin ya koma farin kallabi, suka riƙa ɗinka sunan ɗan da ya ɓata a jikinsa.

Gwamnati ta kira su mahaukata. Da hakan bai yi aiki ba, sai wani hafsan sojan ruwa, Alfredo Astiz, ya shiga cikinsu da sunan shi ma an ɗauke ɗan'uwansa. A Disamban 1977 aka sace Azucena da wasu biyu daga cikin jagororin, aka jefa su teku daga jirgin sama. Igiyar ruwa ta dawo da gawarwakin gaɓa, aka binne su a matsayin waɗanda ba a san ko su wane ne ba, sai a 2005 aka tantance su. Sauran matan ba su daina zuwa ba.

Ga wani abu da ya kamata ki sani game da kofin duniya na farko da Ajantina ta ci, a 1978, a gida. Filin da aka buga wasan ƙarshe tafiyar ƙafa ce kawai daga makarantar sojan ruwa ta ESMA, inda aka tsare mutum kusan 5,000, mafi yawansu ba su fito da rai ba. Waɗanda suka tsira sun ce suna jin ihun 'yan kallo daga inda suke ɗaure. Sojoji sun so gasar ta wanke musu suna a idon duniya, amma 'yan jaridar da suka zo kallon ƙwallo, musamman na gidan talabijin ɗin Holan, sun ɗauki hoton matan suna roƙo a faɗa musu ko 'ya'yansu na raye.

Mulkin ya ruguje ne bayan sojoji sun sha kaye a hannun Birtaniya a yaƙin tsibiran Malvinas na 1982, wanda ya ci rayukan 'yan Ajantina 649, da yawansu samari ne masu aikin soja na tilas. An yi zaɓe a 1983, a 1985 kuma kotun farar hula ta yanke wa Videla ɗaurin rai da rai. An yi masa afuwa a 1990, aka sake gurfanar da shi bayan shekaru, a gidan yari ya mutu a 2013.

Jikokin da aka sauya wa suna

Wannan ɓangaren ne ya fi nauyi. Cikin matan da aka sace akwai masu juna biyu. Sai a bar su da rai har su haihu, a kashe uwar, a ba da jaririn ga iyalan sojoji ko na kusa da su, a yi masa takardar haihuwa ta ƙarya. An ƙiyasta yaran sun kai 500.

Mu ma mun san riƙo. Amma ɗan riƙo a wurinmu ya san uwarsa, ya san gidansu, ana kai shi gaisuwa da salla. Waɗannan yaran an goge musu asali ne ƙarƙaf, wasunsu ma a hannun waɗanda ke da hannu a kisan iyayensu suka girma.

Kakanni mata suka kafa tasu ƙungiyar a 1977. Suka zama 'yan binciken ƙwaƙwaf: su tsaya a bakin makaranta suna duba fuskokin yara, su bi tsegumin maƙwabta game da matar da ta wayi gari da jariri ba a taɓa ganin ta da ciki ba. Matsalar ita ce, ko sun ga yaron, da me za su tabbatar wa alƙali, tunda uwa da uba ba sa nan? Suka yi ta bin masana kimiyya a Turai da Amurka har suka dace da wasu, ciki har da Mary-Claire King, waɗanda suka tsara gwajin jini da ke iya haɗa jika da kakanninsa kai tsaye. A 1987 aka kafa rumbun adana ƙwayoyin halitta na ƙasa, inda dangi ke ajiye samfurin jininsu, ta yadda ko kaka ta rasu, jikan da ya zo neman asalinsa zai tarar da amsa.

Shugabar ƙungiyar, Estela de Carlotto, tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. An sace 'yarta Laura da ƙaramin ciki, ta haihu a tsare a watan Yunin 1978, watan da ƙasar ke shagalin ƙwallo, aka kashe ta bayan wata biyu. Estela ta taimaka aka gano jikokin wasu fiye da ɗari kafin nata ya bayyana. A watan Agustan 2014 wani mawaƙi mai shekara 36, wanda ya ji ƙishin-ƙishin cewa ba waɗanda suka raine shi ne suka haife shi ba, ya kai kansa gwaji. Shi ne. Tana da shekara 83 ta rungume shi a karon farko. 'Yan watanni kafin nan, Messi da abokan wasansa sun ɗauki hoto da ita suna riƙe da ƙyallen ƙungiyar mai kira ga duk mai shakkar asalinsa ya zo.

Ba kowane labari ne ya ƙare da runguma ba. Akwai waɗanda suka ƙi gwajin na tsawon shekaru, don sun san sakamakonsa na iya kai matar da suke kira mama gidan yari. Kakannin ma an zarge su da tayar da tsohon miki. Sai dai wanda ya saci ɗa shi ya buɗe mikin, ba wadda ke neman jininta ba. Zuwa watan Yulin 2025 an warware shari'o'i 140, sauran kuma yanzu magidanta ne da suka doshi shekara hamsin, suna yawo da sunan da ba nasu ba.

Aikin matan nan ya iso har gidanki. Sashe na 7, 8 da 11 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, waɗanda suka ce kowane yaro na da haƙƙin a yi masa rajista da zarar an haife shi, ya samu suna da ƙasa, ya san iyayensa, kada kuma a raba shi da asalinsa, ana yi musu laƙabi da sassan Ajantina saboda matsin da kakannin suka yi. Najeriya da Nijar duk sun amince da yarjejeniyar. Takardar haihuwar da kike ta ɗage karɓo wa autanki tana cikin abin da sassan ke magana a kai.

A yau an zana farin kallabin a daɓen dandalin da bangon makarantu. A watan Mayun 2017, da kotun ƙoli ta yanke hukuncin da zai iya rage wa masu laifukan wancan zamani zaman gidan yari, jama'a suka cika dandalin suka ɗaga fararen kallabai sama, majalisa kuma ta toshe hukuncin da doka cikin kwanaki.

Uwar da aka manta

Sai dai laifi tudu ne. Ƙasar da ta koya wa duniya haƙƙin sanin asali ta daɗe tana ɓoye wani reshe na nata. Tinƙahon 'yan Ajantina na da wani gefe mara daɗi, wato ɗaukar kansu Turawan da suka ɓata hanya suka sauka a Kudancin Amurka. A 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Alberto Fernández, ya ce su daga jiragen ruwan Turai suka fito, sai da ya nemi afuwa. A 2024 an ga bidiyon wasu 'yan wasan ƙasar suna rera waƙar cin fuska ga 'yan wasan Faransa masu tsatson Afirka, nan ma afuwa ta biyo baya.

Ga abin da tarihi ya rubuta. A ƙidayar 1778, kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna Buenos Aires baƙar fata ne ko ruwa biyu, bayin da aka kawo daga Afirka da zuriyarsu. Yaƙe-yaƙe, da annoba, da auratayya, da ambaliyar baƙin Turai, da kuma daina ƙirga su a takardun gwamnati suka sa suka ɓace daga labarin da ƙasar ke ba 'ya'yanta. 'Yan asalin ƙasar kuwa, irin su Mapuche, da bindiga aka ƙwace musu filayen kudu daga 1878. A ƙidayar 2022, mutum kusan 300,000 ne suka bayyana kansu a matsayin masu tsatson Afirka, ninki biyu na adadin 2010.

Cikin waɗanda aka manta akwai María Remedios del Valle, baƙar mace da ta bi rundunar neman 'yanci zuwa arewa tare da mijinta da 'ya'yanta biyu. Duk ukun sun mutu a yaƙin. Ta yi jinyar sojoji, ta yi faɗa, aka harbe ta, sojojin Sifaniya suka kama ta suka yi mata bulala a bainar jama'a kwana tara a jere. Belgrano, mai tutar nan da yara ke yi wa alkawari, shi ya ba ta muƙamin kyaftin, sojoji kuma suna kiran ta Uwar Ƙasa. Bayan yaƙi ta koma bara a ƙofar majami'un Buenos Aires, har wani janar da suka yi fagen fama tare, Juan José Viamonte, ya gane ta a titi ya kai maganar fanshonta majalisa. Ta rasu ranar 8 ga Nuwamban 1847.

Sai a 2013 aka ware ranar rasuwarta ta zama ranar tunawa da 'yan Ajantina masu tsatson Afirka. A watan Mayun 2024 babban bankin ƙasar ya fitar da sabuwar takardar kuɗi ta peso 10,000. Fuskoki biyu ne a kanta, ta Belgrano da tata.